Na Hau Dutsen Da Jirgin Yaƙi Ya Faɗi

 Yau labarin hawan dutse na kawo muku. Na sani tun ban fara ba wata za ta ce, me ya kai mace mai jikoki kan dutse, ita ba kiwon awaki ba, ba neman itace ba? To, ku yi haƙuri ku ji. Dutsen dai a Ingila ya ke, amma abin da na je gani a kansa ya shafi gidaje da yawa a nan Kaduna, har da namu.

Bari in fara ba ku asalin abin. A arewa maso yammacin Ingila akwai wata ƙasa ta duwatsu da tafkuna, Turawa suna ce da ita Lake District, watau yankin tafkuna. Cikin duwatsun nan akwai wani mai suna Great Carrs, kusa da ƙauyen Coniston. Tsawonsa ƙafa 2,575 ne daga gaɓar teku, mita 785 ke nan a lissafin 'yan makarantar yanzu. Ran 22 ga watan Oktoba 1944, ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffinmu su ke kira yaƙin Hitila, wani babban jirgin sama mai jefa bom, irin wanda a ke ce wa Halifax, mai inji 4, ya tashi daga filin jirgin soja na Topcliffe cikin lardin Yorkshire. Ba Jamus ya nufa ba. Samarin da ke cikinsa koyo su ke yi, an tura su ne su gwada tafiyar dare su komo. Su 8 ne, 7 mutanen Kanada, ɗaya mutumin Sikotilan. Gajimare ya rufe su, suka rasa inda su ke, matuƙin ya sauko ƙasa-ƙasa ko za su hango wata alama da za su gane. Sai suka yi karo da dutsen nan, dab da ƙololuwarsa. Ba wanda ya fita da rai.

Wata za ta tambaya, yaya mutum 8 masu ilmi za su kasa sanin akwai dutse a gabansu? Dalili kuwa shi ne, a zamanin nan mai nuna hanya cikin jirgi, galibin kayan aikinsa taswira ce da agogo da kamfas, sai taurari in an gan su, sai wasu na'urorin rediyo waɗanda ba kullum su ke ba da haɗin kai ba. Lissafi ya ke yi: mun yi minti kaza muna gudu kaza, mun fuskanci wuri kaza, saboda haka yanzu muna bisa gari kaza. In iska ta ture jirgin gefe guda bai ankara ba, lissafi ya ɓaci ke nan. Shi kuma agogon da ke nuna wa matuƙi nisan da ya yi sama, nauyin iska ya ke aunawa, yana gaya masa nisansa daga gaɓar teku ne kawai, ba ya gaya masa cewa ƙasa ta taso ta tarye shi. Wanda ya ɗauka yana bisa fili, in ya ga ƙafa 2,500 sai hankalinsa ya kwanta, alhali kuwa dutse yana nan gabansa ya fi haka tsawo. Rundunar jiragen jefa bom ta Ingila ta yi hasarar mutum fiye da 55,000 a yaƙin, fiye da 8,000 daga cikinsu kuwa ba harsashin abokan gaba ne ya kashe su ba, haɗari ne irin wannan.

Yadda aka yi na je kuwa, 'yata ce ta ke aikin nas a birnin Manchesta, na kai musu ziyara cikin watan Satumba 2023. Mijinta ya koyi wata al'ada ta mutanen ƙasar, ta tashi ran Asabar a tafi hawan dutse haka kawai, ba saye ba sayarwa. Shi ne ya taɓa zuwa wurin, ya ba 'yarsa labari, ita kuma ta zo ta dame ni. Shekararta 12, kishiyata ce, ba ta raga mini. Ta ce, “Kaka, kin ce ke 'yar ƙauye ce, kin hau Kufena da ƙuruciya. In gaskiya ne ki zo mu je, in kuwa ƙafa ta mutu ki faɗa, in riƙe mijin ni kaɗai.” Na ce, “Yarinya, tun ba a haifi uwarki ba na ke hawan dutse da tulu a ka.” Surukina dai kunya ba ta bar shi ya gayyace ni da bakinsa ba, sai ta bakin matarsa ya aiko, wai in Umma ta yarda za a bi da ita ta hanya mafi sauƙi.

Shirin tafiyar ya ba ni dariya da fari, amma daga baya na ga amfanin kowane abu. Takalmi mai kauri wanda ke kama idon sawu, da safa biyu, da wando mai ɗumi ƙarƙashin doguwar riga, da rigar ruwa, da ɗan hijabi gajere wanda iska ba za ta ɗauka ba. Zane kam ba wurinsa ba ne. Aka ba ni sanduna biyu na dogarawa. Surukina ya ɗauki taswira da kamfas da tocila da usur, ko da ya ke yana da waya, don a can sama sau da yawa waya ba ta samun layi. Guzuri kuwa ni na haɗa, da dambun naman da na taho da shi a raina amma dokar ƙasar ba ta bari a shiga da nama ba, saboda haka sai na yi musu sabo a can, na haɗa da dabino da gyaɗa da shayi mai citta cikin fulas.

Mun bar Manchesta bayan sallar asuba, muka yi tafiyar awa biyu da wani abu a mota. Ƙarshen hanyar wata 'yar siririyar kwalta ce mai hawa tana lanƙwasa kamar maciji, mota biyu ba sa wuce juna sai ɗaya ta raɓe. Ana kiranta Wrynose. A ƙolinta akwai wani dogon dutse da aka kafa, a nan ne iyakar larduna uku na da ta haɗu, Lancashire da Cumberland da Westmorland. Nan muka ajiye mota. Wurin da kansa ya kusa ƙafa 1,300 daga gaɓar teku, watau mota ta rage mana rabin hawan, saura rabi ga ƙafa. Tafiyar kamar mil 2 ce zuwa sama.

Kai, jama'a, mil 2 na dutse ba mil 2 ba ne na daga Nasarawa zuwa gadar Kaduna. Da farko fadama ce, ciyawa kore shar, ka taka ka ji ruwa ya tsattsafo. Muka tsallake wani ɗan rafi, sa'an nan hawa ya fara. Duwatsunmu na Kufena da Kajuru fā ne sumul, rana ta gasa shi, ƙafa tana kamawa. Nasu kuwa ciyawa ce da tsakuwa da laka, ba itace ko ɗaya da za ka raɓa, sai tumaki masu toka-tokan jiki da farin kai suna kallonka kamar ka zo cin bashi. Ba makiyayi tare da su. An ce kowace tunkiya ta san yankin dutsen da uwarta ta yi kiwo, ba ta wuce shi, ita ma haka za ta koya wa 'yarta. Na ce da wannan tarbiyya ta zo ga awakin unguwarmu, da faɗan maƙwabta ya ragu da rabi.

Ina yin taki hamsin in tsaya in huta. Gwiwa tana magana, numfashi yana fita da ƙyar, ga iska mai sanyi kamar hunturun Jos. Kishiyata ta yi gaba tana waiwaye, tana cewa, “Ina tulun, Kaka?” 'Yata tana bayana ba ta ce kome ba, amma duk inda na yi tangaɗi sai in ji hannunta a gadon bayana. Abin da ya ƙara mini ƙarfi shi ne tsofaffin matan Turawa da muka yi ta gamuwa da su, wasu sun girme ni nesa, furfura fat, da sandunansu da karnukansu, kowace ta wuce sai ta gaishe mu. Mu a nan mace ta kai hamsin sai a ce ta zauna a tabarma a kawo mata, wai girmamawa ce. Ni ina ganin wani girmamawar yana kashe gwiwa tun lokacinta bai yi ba.

Da muka hau kan doron dutsen sai hanya ta yi sauƙi, amma ta hannun hagu rami ne mai zurfi, in ka leƙa sai ka ji jiri. Muna cikin tafiya sai hazo ya taso daga kwarin yamma ya lulluɓe mu. Ba ƙura ba ce irin ta hunturu, gajimare ne sosai, mai jiƙa fuska. Cikin minti biyu na daina ganin jikata wadda ke taki goma gabana. Ubanta ya kira ta, ya ce kowa ya tsaya inda ya ke. Muka tsaya cik, muna jin kukan tumaki ba mu ganinsu. A nan ne na gane abin da aka yi mini bayani a mota. Mu da ke tsaye bisa ƙafafunmu da rana tsaka mun rasa gabas da yamma, ina ga wanda ke gudu cikin duhun dare da jirgi? Bayan kamar minti goma iska ta kwashe shi, rana ta fito, sai ga teku can nesa tana ƙyalli, ga kuma Scafell Pike, dutsen da ya fi kowane tsawo a Ingila.

Mun yi awa biyu da rabi kafin mu kai. Wurin yana gaba kaɗan da ƙololuwar, a ɗan gangare. Ba gini, ba shinge, ba mai gadi. Tarin duwatsu ne, da gicciye na katako a tsaye, da wani allon dutse da aka sa a 2005 mai ɗauke da sunayen mutum 8 ɗin da shekarunsu. A gindin tarin ga manyan ƙarafa masu tsatsa, su ne ƙafafun jirgin inda tayoyi su ke. Kewaye da wurin ƙasa ce tsirara, ga 'yan gutsattsarin ƙarfen da wuta ta narkar, alhali ko'ina ciyawa ce. Masu zuwa sun bar jajayen furanni na takarda da 'yan tutocin Kanada a tsakanin duwatsun. Daga nan zuwa kan doron 'yan taki kaɗan ne. Da jirgin ya ƙara sama kaɗan da ya wuce, amma kwana ya ƙare.

Jikata ta karanta mana sunayen da ƙarfi. Matuƙin, John Johnston, shekararsa 27. Shida daga cikin 8 ɗin ba su wuce 21 ba, biyu ma 19 gare su. Autana ya girme su. Na yi salati, na zauna bisa dutse. Ba addininmu ɗaya da su ba, ba kuma yaƙinmu suka mutu a kai ba yadda mu ke gani, amma ba uwar da za ta ji 19 cikinta bai juya ba. 'Yan Kanadan nan 7 an binne su a birnin Chester, teku ce tsakaninsu da iyayensu.

Sauran jirgin yana ina? Sojojin da suka zo kwashe gawa sun tarar ba yadda za a saukar da ƙarfe mai nauyi haka daga dutse, in kuma an bar shi a sarari, duk matuƙin da ya wuce zai ba da rahoton sabon haɗari. Sai suka daddatsa shi suka tura cikin ramin nan na gabas, wanda a ke kira Broad Slack. Surukina ya riƙe mini sanda na leƙa, na hango farin ƙarfe warwatse cikin tsakuwa can ƙasa. Shekara 79 ke nan a lokacin, yana nan. Akwai doka a ƙasar tun 1986 wadda ta hana kowa ɗaukar ko da ƙusa daga jirgin soja da ya faɗi sai da izinin hukuma.

Muka koma bayan wani dutse inda iska ba ta bugu, muka yi sallar azahar, muka buɗe guzuri. A nan ne na ba jikata labarin da ya sa na yarda na hau, wanda ko uwarta ba ta taɓa jinsa duka ba.

Kakata ta wajen uwa tana da ƙane guda, uwa ɗaya uba ɗaya. A 1943 aka zo ƙauyensu a ƙasar Zazzau neman samari na soja, yana cikin waɗanda aka ɗauka. Aka kawo su Kaduna, daga nan jirgin ƙasa zuwa Ikko, daga Ikko jirgin ruwa zuwa Indiya, daga can sai dajin Bama, inda a ke yaƙi da Japan. Wasiƙa ɗaya ta zo da ajami, yana gaida kowa, yana cewa ƙasar duk duwatsu ce da ruwan sama, abinci kuma daga sama a ke jefo musu. Mutanen ƙauye suka yi ta dariya, wai yaro ya koyi ƙarya a soja. Ashe gaskiya ya faɗa. Runduna ta 81 ta sojan Afirka ta Yamma, wadda ta yi yaƙi a kwarin Kaladan, jiragen sama ne su ke jefa mata abinci da harsashi da laima, don ba hanyar mota. A 1946 abokan tafiyarsa suka komo, shi bai komo ba. Wani ya ce ciwo ya kama shi a kan dutse aka bar shi a baya. Wani ya ce a'a, ya ga an sa shi cikin ƙaramin jirgin da ke kwashe masu rauni, daga nan bai sake jin labarinsa ba. Kakata ta ƙi yarda a yi masa sadakar arba'in har shekara bakwai. Rabonsa na gona ta hana a taɓa. Har ta tsufa, in jirgin sama ya wuce bisa gidanmu na Nasarawa zai sauka, sai ta fito tsakar gida ta kāre ido da hannu ta bi shi da kallo har ya ɓace. Mu yara muna dariya, muna cewa Kaka ba ta waye ba.

Ku 'yan makaranta, kuna wucewa ta Kakuri kullum kuna ganin Barikin Kalapanzin, a Kawo kuma akwai Barikin Dalet. Wa ya taɓa gaya muku ma'anar sunayen nan? Ba Hausa ba ne, ba Gbagyi ba ne, ba Turanci ba ne. Sunayen koguna ne a yankin Arakan na ƙasar Bama, inda Runduna ta 82 ta sojanmu ta yi yaƙi a 1944 da 1945. A Zariya akwai Barikin Chindit. Chindit sunan wata runduna ce da aka riƙa kaiwa da jirgin sama a sauke bayan sansanin Japan cikin daji a 1944, a cikinta akwai bataliya 3 na sojan Nijeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12. Shugabanta, Janar Orde Wingate, shi ma irin wannan ajali ne ya same shi. Ran 24 ga Maris 1944 jirginsa ya faɗi cikin duwatsun Manipur a gabashin Indiya, shi da mutum 9. Ba a iya rarrabe gawawwakin ba, a 1950 aka kai su Amurka aka binne a kabari ɗaya.

Ba ma sai an je Bama ba, jiragen yaƙin nan ta bisa kanmu suka bi. Da Italiya ta shiga yaƙi a 1940, hanyar tekun Bahar Rum ta zama mai haɗari ga Ingila, ga shi kuwa tana bukatar jiragen sama a Masar. Sai aka riƙa kawo su cikin akwatuna da jirgin ruwa zuwa Takoradi, a ƙasar da yanzu a ke kira Gana, a harhaɗa su a can, a tuƙo su zuwa Ikko, daga Ikko Kano, daga Kano Maiduguri, sai Fort Lamy wadda yanzu ta ke Injamena, sai El Geneina da El Fasher da Hartum, har Alƙahira. Tafiyar kusan mil 3,700 ce, tana cin kamar kwana 6. Ayari na farko ya tashi cikin Satumba 1940, kafin ƙarshen 1943 kuwa jirage fiye da 5,000 sun bi hanyar nan. Babban jirgi mai ɗauke da mai nuna hanya shi ke gaba, ƙananan suna binsa kamar kaza da 'yan tsaki. Akan shafa wa ƙananan farin fenti a gadon baya, don in ɗaya ya faɗi a daji a hango shi daga sama. Sun kuwa faɗi, wasu hazon hunturu ya ɓatar da su, wasu hadarin damina, wasu inji ya ci yashi ya tsaya. Hanyar ta dami Jamus har ta kai ran 21 ga Janairu 1942 wani jirginsu guda ya ƙetaro Sahara ya jefa bom a Fort Lamy, a kan hanyar komawa mai ya ƙare masa ya sauka cikin hamada.

Jikata ta ce, “To Kaka, in mun zo Kaduna za ki kai ni in ga namu?” Na yi dariya. Na ce da ita, a ƙasarmu ƙarfe ba ya kwana a daji. Wanda ya san Panteka ya san abin da na ke nufi. A can gwangwani ya kan zama fitila, tsohon inji ya zama tukunya, ƙarfen mota ya zama murhu. Fiffiken jirgi na alminiyon kuwa ai tukwanen biki ne da ludaya. Ni ban ga laifin wanda ya ɗauka ba. Mai jin yunwa ba a ce masa ya bar dukiya tana tsatsa don tarihi, kuma tukunyar da ta ciyar da gida shekara talatin ba ta wulaƙanta ƙarfen ba. Ga kuma halin da dazuzzukanmu su ke ciki a shekarun nan, wace uwa ce za ta bar 'yarta ta tafi yawon dutse? Abin da ya tsaya mini a rai ba ƙarfen ba ne, allon nan ne mai sunaye. Dutse ne ɗan ƙarami, kuɗinsa bai kai na akwatin lefe ɗaya ba, amma saboda shi yarinya Bahaushiya ta tsaya a kan dutsen Ingila ta kira sunan ɗan wata mata ta Kanada. Ko a kwanan nan, ran 21 ga Mayu 2021, jirgin soja ya faɗi kusa da filin jirgin sama na Kaduna da Hafsan Sojan Ƙasa, Laftanar Janar Ibrahim Attahiru, da mutum 10. Sunan Janar kowa ya riƙe. Ku tambayi kanku ko kun riƙe na mutum ɗaya cikin goman nan, su ma kuwa da iyayensu mata da matansu.

Saukowa ta fi hawa wuya ga mai ciwon gwiwa, wannan duk wadda ta taɓa hawa Dala ta sani. Mun yi awa biyu. Da la'asar muka biya ta Coniston, inda akwai ɗan gidan tarihi mai suna Ruskin. A wajensa an ajiye ɗaya daga cikin injunan jirgin, ƙirar Rolls-Royce Merlin, wanda aka ɗauko daga ramin nan da jirgi mai saukar ungulu. Ya kai girman saniya kwance. Na taɓa shi, sanyi ƙalau.

Da dare ina jiƙa ƙafa cikin ruwan zafi da gishiri, sai ga kishiyata da kwamfuta. Ashe akwai hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi na ƙasashen Kwamanwal, ta sa sunayen duk waɗanda ta rubuta a intanet, kowa yana iya dubawa kyauta. A maƙabartar Taukkyan, kusa da birnin Rangun, akwai ginshiƙai masu ɗauke da sunan soja kusan 27,000 waɗanda suka mutu a yaƙin Bama ba a san kabarinsu ba, a cikinsu akwai namu. Ta ce, “Kaka, faɗi sunansa.” Na faɗa, ta buga. Sai ga sunaye irin nasa sun fito a jere. Dalili kuwa, a zamanin nan ba a cika rubuta soja da sunan ubansa ba, sai a rubuta sunansa da na garinsu ko na babban garin lardinsu, saboda haka mutum da yawa su kan tashi da suna ɗaya. Abin da ke rarrabe su lambar soja ce, kowa da tasa.

Don haka ina roƙon duk wadda a gidansu akwai tsohon akwatin kaka ko na kakan miji, kada ta bari a zubar da takardun ciki da sunan shara. Littafin sallama na soja, da katin fansho, da tsohuwar wasiƙa ko da ta ajami ce, duk a kan samu lambar nan a jikinsu. Ku 'yan makaranta ku ne masu ido da hannu, ku kwafe lambar da sunan da bataliyar cikin littafi, ku tambayi tsohuwar gidan abin da ta ji tun tana nan, ku rubuta da ranar da ta faɗa. Wadda ta samu wani abu ta aiko wa Edita da sunan wannan fili, za mu duba mata.

Ni dai tun da na komo na aika wa ɗan kawuna a ƙauye, don a ɗakinsa akwatin Kakata ya ke. Ya ce ya buɗe, wasiƙar nan ta ajami tana ciki, nannaɗe cikin tsumma tare da carbinta, gara ta ci gefe guda, amma a bayan ambulan akwai wasu lambobi na boko da ba su goge ba. Ya ce zai kawo mini da hannunsa in an gama girbi, ba ya ba direba. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.